Batir, kwayil da zafin Maraɗi: lissafin da mai zuƙar sigarin lantarki ya kamata ya iya

Sigarin lantarki ya shigo Maraɗi ta hanyoyin da sauran kaya ke shigowa. Wani ya taho da nasa daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, wani daga Yamai, wani kuma ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga waje. A fada yanzu ba baƙon abu ba ne ka ga saurayi ya zuƙa ya feso hayaƙi fari fat har ya rufe fuskar mai dafa shayi. Galibi ƙananan nan ne da ake sha a yar. Amma akwai manya, masu cin batir ɗaya ko biyu da ake cirewa a mayar, waɗanda ake gasar hayaƙi da su, kuma a kansu nake magana. Ba na cikin masu cewa a sha. Nikotin kama mutum yake yi, wanda bai fara ba kada ya fara. To amma waɗanda suka riga suka riƙe abin ƙannenmu ne da ƴaƴanmu, kuma abin da ke cikin aljihunsu yana iya ƙone cinya ko ya farfasa haƙora kafin a ce kwabo.

A cikin kan na'urar akwai ƴar siririyar waya da aka naɗe, ita ce kwayil, an cusa mata auduga mai shan ruwan da ake zuƙa. Idan aka danna maɓalli, wuta ta fito daga batir ta bi wayar, wayar ta yi zafi, ruwan ya zama tururi. Kowace waya tana da turjiyar da take yi wa wutar da ke bin ta, ana auna wannan turjiya da om. Na'urorin farko masu kwayil, waɗanda suka biyo bayan wadda mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin Hon Lik ya ƙera a 2003, kwayil ɗinsu ya haura om 1 nesa ba kusa ba, wuta kaɗan suke ja, hayaƙi kaɗan suke bayarwa. Da masu son hayaƙi mai yawa suka shigo, sai aka koma waya mai kauri ko ragar ƙarfe, turjiya ta sauko ƙasa da om 1: 0.5, 0.3, 0.2, har 0.15 da ƙasa. Duk saukar da turjiya ta yi, wutar da ake zuƙowa daga batir ƙaruwa take yi.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan lakwal ma zai yi shi. Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa ƙa'idar tun 1827: a raba ƙarfin turin wuta, wato bolt, da turjiya, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ke gudu, wato amfiya. Batirin litiyam irin na waɗannan na'urori idan ya cika taf yana ba da bolt 4.2. Kwayil mai om 1.2 zai ja amfiya 3.5. Mai 0.5 zai ja 8.4. Mai 0.2 zai ja 21. Mai 0.15 zai ja 28, mai 0.1 kuwa 42. A dubi ƙarshen jerin nan da kyau. Daga 0.2 zuwa 0.1 tazarar kamar ba komai a ido, amma wutar ninkawa ta yi. A can ƙasa, kuskuren 0.03 kawai a wajen awo yana mayar da amfiya 28 ta zama 35. Kuma wanda ya ɗaura kwayil biyu gefe da gefe ya sani turjiyar rabewa take yi biyu: 0.3 guda biyu 0.15 ne, ba 0.6 ba.

Batir ba ya iya cewa a'a. Abin da kwayil ya nema zai yi ƙoƙarin bayarwa, ko da hakan zai kai shi ga fashewa.

Daga nan na'urorin suka rabu gida biyu. Akwai wadda bututun ƙarfe ce zalla, ba allo, ba ƙwaƙwalwa, maɓallinta haɗa batir da kwayil kawai yake yi kai tsaye. A irin wannan, lissafin da ke sama shi ne komai, babu abin da zai yanke wuta idan waya ta haɗe, ko maɓalli ya danne a aljihu, ko batir ya zuƙe ya wuce ƙima. Wasu cikinsu ma kan batir yake taɓa ƙasan tankin da ke riƙe kwayil da ruwan kai tsaye; idan ɗan tsinin da ke ƙarƙashin tankin bai fito waje sosai ba, danna maɓalli ɗaya ya isa a haɗe batir da kansa. Masu cin batir biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, bolt 8.4 suke turawa, kenan kwayil ɗin da ya ja 21 a batir guda zai ja 42 a nan. A Mayun 2018, a jihar Florida ta Amurka, wani mutum mai shekara 38 ya rasu a ɗakinsa bayan irin wannan bututu ya tarwatse, ɓaraguzan suka shige masa kai. A Janairun 2019 wani saurayi mai shekara 24 ya rasu a Texas, tsinin ƙarfe ya yanke masa jijiyar wuya. Ra'ayina a kan wannan nau'i ba shi da kwana: wanda ba shi da abin auna om, bai iya lissafi ba, bai san asalin batirinsa ba, kada ya kai shi bakinsa. A Maraɗi da wuya a haɗa sharuɗɗan nan uku.

Gida na biyu su ne masu allo da ƙwaƙwalwa, waɗanda mutum ke saita wat, wato ƙarfin wutar da ake tura wa kwayil (bolt sau amfiya), da kansa. Sun fi aminci da nisa, don suna ƙin tashi idan turjiya ta yi ƙasa da yawa, suna yankewa idan an daɗe ana danne maɓalli, suna tsayawa idan batir ya yi rauni. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka ƙwaƙwalwar ta ɗauke musu dukan nauyi. Ba ta san wane batir aka sa mata ba. A nan ba om ɗin kwayil ke ƙayyade abin da batir zai bayar ba, wat ɗin da aka saita ne. Kuma abin da ke ruɗa mutane shi ne an fi matsa wa batir lokacin da ya kusa ƙarewa, domin bolt ya sauka, dole amfiya ta hau kafin a cike wat ɗin. A ce an saita wat 60 a na'ura mai batir ɗaya, batirin ya sauko bolt 3.2. A raba 60 da 3.2, a ƙara kusan kashi 10 cikin 100 da ƙwaƙwalwar kanta ke ci, sai a tashi da amfiya 21 ko kusa. Wat 80 zai kai 28. Gajeriyar hanya ita ce a ninka amfiyar batir sau 3: batir mai amfiya 20 iyakarsa wat 60, mai 15 iyakarsa 45. Idan batir biyu ne sai su raba nauyin. Na'urar da aka rubuta wa wat 200 a kwali ba ta yi ƙarya ba, za ta nemi wutar. Ko batirin zai iya bayarwa lafiya, wannan wata magana ce.

To me ake nufi da batir mai amfiya 20? Lambobi biyu ne ke kan kowane batir, kuma mutanenmu ɗaya kawai suke dubawa. Ta farko ita ce mAh, yawan cajin da yake riƙewa. Ta biyu ita ce iyakar amfiyar da zai iya bayarwa a jere, daga cika har ƙarewa, ba tare da ya yi zafin da ya wuce ƙima ba. Ɗan kabu-kabu ya san bambancin nan a jikin motonsa: girman tanki shi ke nuna nisan da za a je, ƙarfin inji shi ke nuna kayan da za a ɗauka, kuma babban tanki ba ya hana inji bugawa idan aka lafta masa buhunan gero. A batir abin ya ma fi haka, domin guri ɗaya ne lambobin biyu ke rabawa. Batirin 18650 faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65, abin da sunan ke nufi kenan. A cikin wannan ɗan wuri, idan aka ƙara caji sai amfiya ta ragu. Samsung 25R yana riƙe 2,500 mAh, yana ba da amfiya 20. Ɗan'uwansa 30Q yana riƙe 3,000 amma 15 yake bayarwa. VTC5A, wanda Sony ke yi kafin kamfanin Murata ya sayi sashen batirinsa a 2017, yana kaiwa 25. Masu 3,400 da 3,500 kuwa, irin na kwamfuta da fitila, galibi ba sa wuce amfiya 10, wasu ko rabin haka ba su kai ba. Mai neman fiye da haka sai ya koma babba, 21700, kamar Samsung 30T mai amfiya 35, in na'urarsa na ɗaukarsa.

Wannan ya kawo mu teburin mai gyaran waya, inda na fi jin tsoro. Ka tsaya gaban irin wannan tebur a kasuwa za ka ga kwali cike da batura masu riga shuɗiya, kore, ja, ruwan hoda, an ɓalle su daga tsofaffin baturan kwamfutar tafi-da-gidanka. Ɗauki ɗaya ka juya shi. A kansa da gindinsa akwai ƴan tabo huɗu-huɗu inda aka fizge ƙarfen da aka like, wani lokaci da guntun ƙarfen a tsaye mai kaifi, rigar kuma ta kece a gefen wuya. Waɗannan batura suna da amfani, da su ake tayar da cocila, rediyo, injin aski da ƙaramar fanka, kuma masu wannan sana'a suna rufa wa mutane asiri. Amma cocila amfiya 1 ko 2 take ja. Girmansu ɗaya da na sigarin lantarki, suna shiga ramin daidai, na'urar ta kawo haske, mai ita ya ce ai ya yi. Batirin da tun yana sabo aka yi shi don amfiya 5, ya shekara da shekaru a kwamfuta, yanzu ana neman 25 a wurinsa.

Sai kuma sababbi fil masu rubutu ɓaro-ɓaro. Mai shago zai miƙo maka ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan, 9,900 ne, ya ninka wancan uku." Shi ma abin da ya gani a jiki yake faɗa, ba da mugunta ba. Amma babu 18650 na gaskiya da ke riƙe 9,900 ko 6,000. Na kirki suna tsayawa ne a wajajen 3,500. Na gaske nauyinsa kusan giram 45 ne ko ɗan sama, na bogi sau da yawa kana ɗagawa za ka ji shi sakayau. Haka rubutun amfiya 40 ko 50 a jikin 18650: yawanci lambar bugu ɗaya ce ta ƴan daƙiƙoƙi, ba ta ja a jere ba, wani lokaci kuma ƙirƙira ce kawai ta masu sake wa batir riga su manna sunansu. Ko manyan sunaye ana kwaikwayon rigarsu. Ya kamata a san wani abu kuma: manyan kamfanonin da ke ƙera waɗannan batura sun yi su ne don a rufe su cikin fakiti mai da'irar kariya, kuma LG, Samsung da Sony duk sun fito sun ce ba su yarda a yi amfani da su tsirara a sigarin lantarki ba. A Janairun 2021 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta gargaɗi jama'a da kada su sayi 18650 warwatse. Kenan ko mai batir na asali yana tafiya ne a wajen abin da maƙerin ya tsara, balle mai na kwali.

Me ke faruwa a ciki idan an wuce iyaka? Batir ma yana da tasa turjiyar, kuma zafin da yake haifarwa ba tafiya ɗaya yake yi da amfiya ba: idan wuta ta ninka biyu, zafi ninkawa huɗu yake yi. A ce sabon batir mai turjiyar ciki om 0.02 yana ba da amfiya 20, zafin wat 8 ne ke taruwa a jikinsa. Tsoho mai 0.08, a wannan aiki dai, wat 32 ne, a cikin abin da bai fi babban yatsa ba. A ciki akwai faranti biyu sirara da aka naɗe tare, tsakaninsu wata leda mai laushi da ke hana su taɓa juna, duka a jiƙe da ruwa mai kama wuta. Ledar nan tana fara narkewa a wajajen digiri 130. Da zarar farantan sun haɗu, batirin ya shiga dafa kansa da kansa, zafi na haifar da zafi, har ya haura digiri 500, kuma cire yatsa daga maɓalli ba ya tsayar da shi. An yi masa ƴan ƙofofi a kai don iskar ta fita da tsiwa maimakon ya fashe. Amma idan yana cikin bututun ƙarfe marar ramukan shan iska, iskar ba ta da mafita, sai ta harba kan tankin, kuma kan tankin yana saitin baki ne.

Yanzu a ɗora zafinmu a kai. Iyakar amfiyar da kamfanoni ke rubutawa an gwada ta ne a ɗaki mai sanyin digiri 25 ko kusa. Takardun baturan galibi suna cewa kada a yi caji sama da digiri 45, kada a yi aiki da su a wurin da ya wuce 60. A Afrilu da Mayu, Maraɗi tana haura 40 a inuwa. Shagon kwano da azahar, ƙarƙashin sirdin moto, gaban gilashin motar da aka ajiye a rana, duk sun fi haka, motar ma tana iya wuce 60. Batirin da ya fara aiki daga 42 ya riga ya cinye wani kaso na ratar da ɗan'uwansa na Turai ke da ita. Shi ya sa ba na ganin hikimar zama a bakin iyaka. Batir mai amfiya 20 lissafi ya ba shi damar sauka har om 0.21 a bututu, amma a nan garin gara a tsaya a 0.3, inda ake jan 14. A mai allo, wat 45 ko 50 maimakon 60. Hayaƙin zai ragu kaɗan, ba wanda zai lura a fada. Kuma batir yana tsufa: wanda ya shekara ana cajinsa kullum a wannan zafi ba shi ne wanda aka saya ba, sai a rage masa kaya ko a sauya shi.

Abin mamaki, yawancin ɓarnar ba a baki take faruwa ba. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017 inda ta ƙirga haɗurra 195 na fashewa ko gobarar sigarin lantarki daga 2009 zuwa 2016. Mutum 133 sun ji rauni, 38 munana. Guda 61 daga haɗurran a aljihu suka faru. Wani bincike da mujallar Tobacco Control ta buga a 2018 ya ƙiyasta mutum 2,035 da aka kai sashen gaggawa na asibitocin ƙasar daga 2015 zuwa 2017, abin da ke nuna ƙirgen farko ya yi ƙasa ƙwarai.

Dalilin aljihu yana jikin batirin. Ɗan maɓallin da ke kai shi kaɗai ne ɓangaren ƙari. Duk sauran gwangwanin, daga gindi har wuya, ɓangaren ragi ne. A wuyan, tazarar da ke tsakanin su biyun ba ta fi milimita ɗaya ko biyu ba, kuma abin da ya raba su ɗan zobe ne na takarda ko roba, sai ledar rigar. Ka duba aljihun kaftani ko wandon saurayin Maraɗi: makullin moto, ƴan silallan canji, wani lokaci zobe ko abin yanke farce. Silalla ɗaya ta kwanta a wuyan batirin da rigarsa ta kece, an haɗa ƙari da ragi ba tare da wani kwayil a tsakani ba, wutar da za ta gudu ta wuce amfiya 100. Ga yadin da muke sawa, mai roba-roba, wanda ke narkewa ya manne a fata. Maganin wannan bai kai kuɗin shayi ba: ɗan akwatin roba na ajiye batir, ko aƙalla kowane batir a nasa kumshin, shi kaɗai. Batirin da rigarsa ta yage ko da ƙanƙanin wuri ne, a ajiye shi sai an sa masa sabuwar riga irin wadda ake hura wa zafi ta kama jiki, da sabon zobe. Salatif ba riga ba ce. Wanda ya faɗi ya lotsa, ko ya yi tsatsa, ko ya jiƙe da ruwan sama, ya gama aiki. Na'urar kanta a kashe ta kafin a sa aljihu. Yawancinsu danna maɓalli sau 5 a jere ne.

Wajen caji, gara caja ta waje mai nuna bolt ɗin kowane batir, wadda ke tsayawa a 4.2. Kada a bar shi kan katifa ko tabarma a kwanta barci, kada a jona da dare ana jiran wuta ta dawo. A ɗora a kan siminti, a inuwa, inda ido ke gani. Wanda aka gama zuƙa da shi yana da ɗumi, a bari ya huce tukuna. Masu batir biyu su saye su tare, iri ɗaya, a yi musu alama, su yi aiki tare su yi caji tare. Idan aka haɗa tsoho da sabo, tsohon ne ke shan wahala. A duba ƙari da ragi kafin a rufe murfi. Matafiya Umara ko Hajji kuma su sani dokar jiragen sama ta hana sa sigarin lantarki da batura warwatse cikin jakar da ake aunawa, sai a ta hannu.

Batir yakan yi gargaɗi wani lokaci. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma idan ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko maɓalli ya yi zafi, ko aka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko ƙarar tsiwa, ba lokacin buɗe murfi a leƙa ba ne. A ajiye shi a ƙasa a fili, nesa da fetur da zana, a ja da baya. Idan ya kama, ruwa mai yawa ko yashi, kuma a guji hayaƙin, guba ne. A bar shi a wurin ya daɗe, don yana iya sake tashi. Wanda ya ƙone, a cire masa tufafin da ba su manne ba, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin kamar minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ƙwai, manja ko baƙin mai. Ƙunar batir ta haɗa wuta da sinadari, sau da yawa ta fi yadda ake ganinta zurfi, don haka a gaya wa likita abin da ya ƙone shi.

Mataccen batir kuma ba a jefa shi a bola. Bolarmu ana cinna mata wuta, yara kuma suna tonon ta neman ƙarfe, kuma ko batirin da ya daina tayar da na'ura yana da sauran wutar da za ta fasa shi. Haka ƙananan nan na sha-ka-yar, kowanne da batirin litiyam a cikinsa, kuma masu farke su suna jona musu waya don su ƙara caji suna wasa da abin da ba shi da wata kariya. A like kai da gindin mataccen batir da salatif ɗin masu gyaran wuta, a tara su cikin gwangwani mai yashi a inuwa, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma in za a ba masu sayen tsofaffin batura a faɗa musu cewa ya lalace, don kada ya sake dawowa kwalin kasuwa.